Tambaya da Amsa: Waken da ƙwaro ya ƙi ci

Wannan fili naku ne. Mai amsawa tsohon malamin gona ne da ya yi aikinsa a ƙauyukan jihar Maradi, yanzu yana zaune a gari. Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowa, kuma duk ukun a kan ajiyar abinci suke.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni mai tuyar ƙosai ce a unguwar Zariya, nan Maradi, yau shekara 8. Watan jiya na sayi wake tiya 20 a kasuwa, fari tas, ko huji ɗaya babu. Da na jiƙa shi sai wani wari ya taso irin na piya-piyar da muke fesa wa sauro, har kaina ya yi ciwo. Mai gidana ya ce in wanke sau uku in soya, wai wuta tana kashe komai. Ɗana da ke jami'a kuma ya ce akwai wani malami a nan Maradi da ya yi bincike a kan buhun da ke ajiye wake ba tare da magani ba. Baba, yaya zan yi da waken nan? Batun buhun kuma gaskiya ne, ko tallar ƴan kasuwa ce? Yara ƴan lakwal ne suka fi sayen ƙosaina, shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki ɗora kasko. Waken da ya yi warin magani har ya sa miki ciwon kai, kada ki soya wa ƴaƴan mutane shi, kada ki ba naki, kada ma ki zuba wa awaki. Na san tiya 20 jari ne, na san kuma asararsa za ta taɓa tukunyar gidanki. Ki koma wurin wanda ya sayar miki, ki tafi da shaida, ki faɗa masa a gaban shugaban ƴan hatsi na kasuwar, don kada ya karɓa ya juye wa wata. In ya yi gardama, ma'aikatar gona ta jiha tana da sashen kare tsirrai, aikinsu ne.

Mai gidanki, a gaishe shi, yana da rabin gaskiya. Shanya da wanki da jiƙo da dafuwa suna rage irin wannan magani. Sai dai ragewa daban, kawarwa daban. Ke ba ki san nawa aka zuba ba, ba ki san yaushe aka zuba ba, ba ki san sau nawa aka maimaita ba tun daga ƙauye har zuwa hannunki. Hanci kuwa ba sikeli ba ne: in wari ya tafi, ba shi ke nuna komai ya tafi ba. Yaro ɗan shekara 7 da zai ci ƙosai biyar da safe, jikinsa ba ya ɗaukar abin da jikin babba ke ɗauka.

Abin da ke cikin piya-piya, in kika duba kwalbar, za ki ga an rubuta DDVP. Aikinsa a jikin ƙwaro da jikin mutum iri ɗaya ne: yana hana jijiyoyi hutawa bayan sun isar da saƙo, sai jiki ya rikice. Wanda ya sha ko ya shaƙa da yawa za a ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar ido ta tsuke ƙanƙanuwa, ga amai da zawo, numfashi na sarƙewa. In kika ga haka, babu maganar a ba shi nono ko manja, babu sa masa yatsa a maƙogwaro. A cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya likita da kwalbar a hannu. Akwai allurar da ake yi wa irin wannan guba, atirofin, amma tana son a zo da wuri.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, don gwajin da suka yi ya nuna DDVP daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka amince da ita 0.01 ce. Ki lissafa, mafi munin ya ninka iyakar sau 460. Kada mu ce wannan matsalar maƙwabta ce. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma buhunanmu ta Ɗan Isa da Jibiya suke bi su sauka Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano, kwalaben maganin kuma ta wannan hanyar suke hawowa. Kasuwa ɗaya muke ci.

Akwai magani na biyu, ƙwayar nan da ake kira bom, mai ruwan toka, wadda ake jefawa cikin buhu. Ita halinta daban. In ta haɗu da laimar iska sai ta saki wani hayaƙi da ido ba ya gani, sunansa fosfin. Ƙwaya mai giram 3 tana ba da giram 1 na hayaƙin. A hannun wanda ya iya, cikin sito mai nisa da mutane, a naɗe ƙwayar a takarda, a kwashe garinta bayan an gama, a shanya hatsin ya sha iska, ba ta barin wani abin kirki a jikin wake. Haɗarinta a ɗaki yake. Har yau babu maganin da ke karya gubar fosfin, likita sai dai ya tallafi zuciya da numfashi.

Da idona na gani a wani ƙauye ta wajen Mayahi. Na shiga gida da sassafe don wani aiki, na tarar da mata tsaye cirko-cirko a ƙofar ɗaki, yara biyu sun kwana suna amai. Da na leƙa, wari kamar na tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi ya dake ni. Buhu huɗu na wake a jingine da bango, tabarmar yaran a gindinsu, tagar an toshe ta da tsumma saboda sanyin hunturu. Uban ya sa ƙwayar da yamma, ya shigo da buhunan ciki don tsoron ɓarawo. Mutum ne mai son ƴaƴansa, waken ma don kuɗin suturarsu ta salla yake ajiye shi. Muka fito da su sarari, aka ɗora su a amalanke zuwa likita. Allah ya sa da sauran kwana. Tun ranar, duk inda na shiga a lokacin kaka, ɗakin kwana nake fara tambaya kafin rumbu.

Ki lura, ɗiyata, mai zuba magani ba don mugunta yake yi ba, galibi. Ƙwaron wake yana sa ƙwansa tun a gona, a jikin kwanso. Tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta ci ta girma, cikin kamar wata guda ta fito ta bar huji, macen kuma ta sake zuba ƙwai masu yawa. Buhun da aka ɗaure a watan Oktoba, in an bar shi haka, kafin bazara ya zama gari da wari. Manomi yana tsakanin abu biyu: ko ya sayar a kaka da arha, ko ya nemi abin da zai riƙe masa waken zuwa lokacin tsada. In ka ce masa ya bar kwalba ba ka ba shi madadi ba, magana kawai ka yi.

To, a nan ne zancen ɗanki ya shigo, kuma gaskiya ya faɗa miki. Malamin shi ne Dokta Ibrahim Baoua, wato Bawa a rubutunmu na Hausa, masanin ƙwari. Ya daɗe yana aiki a cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maradi da ke Tarna, daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ba shi ya ƙirƙiro buhun ba, a ba kowa haƙƙinsa. Dabarar ta faro ne a ƙarshen shekarun 1980 a arewacin Kamaru, wajen Marwa, inda Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya yi aiki da masana na can. A 2007 aka buɗe babban shiri mai suna PICS da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, don kai buhun ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar. Rawar da Baoua da abokan aikinsa, irin su Laouali Amadou, suka taka ita ce gwada abin a ƙasarmu, da wakenmu, da ƙwarinmu, da zafinmu na Maradi, su auna su rubuta, don kada ya zama an ce an ce.

Aikinsu da na fi so shi ne wanda aka wallafa a 2012. Sun jera hanyoyi 6 gefe da gefe: gauraya wake da toka, gauraya shi da rairayi, sa ƙwayar bom, sa ganyen anza, gasa shi da zafin rana a ƙarƙashin leda, da kuma buhu mai riɓi uku. Wata 5 suna ɗiba suna ƙirga huji da tsutsa. Abin da ya burge ni, ba su raina dabarun kakanninmu ba. Toka da rairayi da anza duk an ba su fili, an auna su da ma'auni ɗaya da na Bature. Sakamakon da ya shafe ki shi ne, buhun ya tsare wake kamar yadda ƙwayar ke tsarewa, ba tare da an sa ko ƙwayar guba ɗaya ba.

Yadda yake aiki ba sihiri ba ne. Leda biyu ne masu kauri, kowace mikiron 80 a ma'aunin kaurin leda, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje yana kare su. A iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne. In an ɗaure bakin, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye oksijin ɗin, sabuwa kuma ba ta shigowa sai kaɗan. Da ta yi ƙasa sai su daina ci, su daina haihuwa. A wannan shekara ta 2012 Murdock da Baoua da abokansu suka nuna wani abu da ban taɓa zato ba: ƙwaron wake ba ya shan ruwa, daga abincin da jikinsa ke ƙonawa da oksijin yake samun ruwansa. In babu oksijin babu ruwa, sai ya bushe ya mutu. Ƙishirwa ke kashe shi a tsakiyar buhun abinci.

Ina cikin malaman gona da aka koya wa ɗaurin a shekarun farko, muka shiga ƙauyuka. Tsarin shi ne a ɗaure buhu a gaban jama'a da kaka, a ajiye shi gidan wanda kowa ya yarda da shi, bayan watanni a taru a kwance. Ba na manta wata ranar kwancewa a ƙofar gidan mai gari. An kawo buhun da aka ɗaure, an kawo wani na saƙa zalla da aka bari don kwatance. Na saƙar, tun kafin a taɓa shi ƙwari na yawo a jikinsa, da aka sa hannu sai ɗumi da gari. Da aka kwance ledar ciki ta ɗayan, wata tsohuwa ta ture maza ta matso. Ta ɗebi wake a tafin hannu, ta kai hanci ta daɗe tana shinshina, don ita ta tabbata mun ɓoye magani a ciki. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa da haƙori, ta duba cikin. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ƙulle ƴan ƙwayoyi, ta ce za ta shuka ta gani ko iri ya mutu. Da damina ta aiko a gaya mini ya tsiro.

Irin wannan taro an yi shi a dubban ƙauyuka. Daga baya aka gwada buhun da masara, da gujjiya, har da gurguzun da mata ke yin daddawa da shi, kuma masanan Maradi suna cikin waɗanda suka yi gwajin. Ni a nawa ganin, amfanin bincike a nan ake gane shi: mace ta buɗe buhu a watan Afrilu, ta auna wa yaranta wake, ba ta tsaya tunanin ko ta kwana nawa tana shanya shi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, shekaru sun wuce goma da fara wannan aiki a bayan garinmu, amma har yanzu kwalbar piya-piya ta fi buhun sauƙin samu a kasuwar ƙauye.

Abu ɗaya zan gyara miki. Kada ki ɗauka duk wake mai tsabta an sa masa magani, don na buhun nan ma fari tas yake fitowa. Kada kuma ki ɗauka mai huji ya tsira, don wani sai ƙwari sun fara ci yake zuba maganin. Ido ba ya raba gardamar. Ki ɗebi wake ki murza a tafin hannu ki shinshina tun a kasuwa, ki duba ko akwai gari mai ruwan toka a gindin buhu, ki tambayi mai shi da me ya ajiye. Mafi kyau, tunda sana'arki ta shekara ce, ku haɗu ku uku ko huɗu masu tuya, ku sayi sabon wake da kaka daga hannun manomi, ku ɗaure abinku da kanku. Wanda za ki riƙa ɗiba kullum, ki zuba a jarkar mai da aka wanke ta bushe, ki cika ta har baki ki toshe. Ita ma dabarar ɗaya ce. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa, ko an wanke ta ba ta abinci ba ce.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tasawa. Bara na sayi buhun ledar nan guda 10, uku daga ciki ƙwari suka cinye waken. Ga tsada ga asara. Don me zan bar abin da na saba?

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Bakwai sun tsira, uku sun lalace, wannan yana nuna iska ta sami ƙofa a ukun. Ƙofofin sanannu ne. Akwai jabun buhu mai siririyar leda da ake sayarwa da sunan na gaske. Akwai ledar da ta huje tun kafin a zuba, shi ya sa ake hura mata iska a matse a ji ko tana saki. Akwai tsinke da tsakuwa a cikin waken da ba a sheƙe da kyau ba. Akwai yaran shago da ke haɗa bakin leda biyu da na waje su ɗaure da igiya ɗaya don sauri, alhali kowace ana matse iskarta, a murɗa bakin, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai. Sai ɓera, sai ƙugiyar ƴan dako, sai buɗewa kowane mako don nuna wa mai saye. Ka ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango. Ƙaramin huji ana liƙe shi da salatif, kuma buhun da aka kula da shi yana yin kaka fiye da ɗaya, a nan tsadar take sauka.

In kuwa kayanka sun kai ɗaruruwan buhuna har dole sai hayaƙi, to ka kira ma'aikatan kare tsirrai su yi maka a sito, ba yaron shago ba, kuma kada mai gadi ya kwana a ciki. Duk maganin da za ka saya, ka duba lambar amincewar kwamitin CSP, wanda ke tantance magungunan ƙwari a ƙasashen Sahel daga Bamako. Maganin da aka yi don feshin gona ko kashe sauro, ba a yi shi don zubawa a kan abin da za a ci ba. Waken da ya bar shagonka, Alhaji, wani a kaskon ƙosai yake ƙarewa a ƙofar lakwal, kamar yadda ka karanta a sama.

TAMBAYA: Baba, ni ina yin mai da ƙuliƙuli a Madarumfa. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci nakan haɗa ta da mai kyau, tunda za a soya. Akwai laifi? Buhun nan zai gyara ta?

AMSA: Akwai laifi babba, ɗiyata, kuma buhu ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Wannan gubar ba daga kwalba take ba, fumfuna ce ke haifar da ita a jikin gyaɗa da masara, ana kiranta afulatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Wanda ke cin kaɗan kaɗan shekara da shekaru, hanta take ci, tana kawo ciwon daji, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu. Suya ba ta kashe ta. Wani abin lura a sana'arki: in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama, wato a ƙuliƙulin da yara ke gurgura, da wanda ake dakawa a zuba a kwaɗon zogale.

Fumfunar tana shiga tun a gona in fari ya kama gyaɗa gab da girbi, tana ƙaruwa in an tara ta da laima ko an shanya a ƙasa tsirara. Buhu mai riɓi uku yana taimakawa ne in gyaɗar ta bushe ƙarau kafin a ɗaure; wadda ba ta bushe ba, kada ta shiga leda. Ki girgiza kwanso ki ji ƙwaya na kaɗawa, ki ɓare ki gatsa ki ji ta karye ƙas.

Kafin suya, ki baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, inda ido ke gani sosai. Ki tsince baƙa, da mai kore kore, da motsattsa, da wadda ƙwaro ya huda, da fasasshiya da ta canza launi. Yawancin gubar a cikin waɗannan ƴan ƙwayoyin take taruwa, shi ya sa tsinta ke rage ta ƙwarai. Abin da kika tsince kada ki ba akuya mai shayarwa ko saniyar tatsa, don yana fitowa a nono, kada kuma ki watsa wa kaji. Ki haƙa rami ki binne shi.